Jan Sure a Tsakar Gida

A Gwandu ba kasafai muke shuka abu don kallo kaɗai ba. Sure ma a gefen gonar gero ake yafa shi, saboda miya da zoɓo. Ni kuwa a tsakar gida na shuka nawa, kusa da randa, kuma jan na zaɓa, mai jan kara da ganyen da ke ƙara duhu in ya manyanta. A jikin katangar ƙasa launinsa yana fitowa sosai, musamman da la'asar.

Renonsa ba wuya. Gurguzu kaɗan, ƙasa mai jigawa, rana isasshiya, sai a kiyaye shi daga awaki da ruwan da ke kwanciya, don saiwarsa ba ta jure laka. Abin da ya fi sa ni tunani shi ne furensa. Duk takin da aka zuba masa, ba ya fure sai yini ya fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba. Furen ya buɗe da safe, kafin magariba ya yanƙwane, sannan jan ƙoƙon nan da ake zoɓo da shi ya soma kumbura a hankali. Nakan daɗe a gabansa ina tasbihi.

Iya ta ce in bar mata 'ya'yan, za ta yi daddawar batso.

Mai ɗan fili a gida, ko a Gwandu ko a Kalgo, ya ajiye gurguzu tun yanzu, ya shuka da ruwan Yuni.