Kafin Ka Ɗaga Akori-Kura, Auna Kayan da Take Ɗauka

Sana'ata kafa famfo mai aiki da hasken rana a rijiyoyin burtsatse, kuma yawancin ƙauyukan da ake kirana suna arewacin Yobe da gabashin Jigawa. Wanda ya san yankin ya san hanyoyinsa iri biyu ne. In ka bar Gashuwa ka nufi Yusufari har wajen Tulo-Tulo, rairayi ne mai zurfi da tuddai. In ka juyo wajen Nguru da fadamun Haɗeja da damina, taɓo ne mai kama taya. Motar aikina Hilux ce mai jan ƙafa huɗu, ƙirar nan da ta fito a 2005 wadda muke ce wa Vigo, kuma ba ta taɓa fita wofi. Kullum akwai bututu, da batura, da farantan sola, da akwatin kayan aiki, da jarkokin ruwa da na mai.

Abin da ya kai ni ga maganar ɗaga ta shi ne yadda bayanta ya zauna. Da an yi lodi sai ka ga hancinta ya kalli sama, sifirin baya sun miƙe sambal, kowane rami sai gatari ya bugi robar da ke jikin shasi da wata ƙara mai shiga ƙashin baya. Ga kuma tudun nan da manyan motoci ke bari tsakanin sawun tayoyinsu biyu, wanda cikin motar ke gogawa duk tsawon hanya.

Masu sayar da kaya sukan fara da tambayar inci nawa kake so. Bakaniken da na daɗe ina kai wa aiki, dattijo ne da ya yi shekaru yana gyaran motocin daji, da wata tambaya daban ya tare ni. Ya ce, “Malam, kilo nawa ne ba ya sauka daga bayan motar nan, ko da ranar da ba ka da aiki?” Na ce masa, “Baba, sai dai in ƙiyasta.” Ya ce in je in auna tukuna. Na kai ta ma'aunin manyan motoci sau biyu, da kayan kullum da kuma cikakken lodi, kuma daga lambobin nan ne duk sauran shawara ta fito.

Dalilinsa a fili yake. Kamfanonin da suka shahara a wannan harka, irin su Old Man Emu na kamfanin ARB, da Ironman 4x4, da Dobinsons, dukkansu na Ostareliya, inda ake doguwar tafiya a kan burji da kaya, ba sifirin iri ɗaya suke yi wa mota ɗaya ba. Akwai na motar da galibi take tafiya wofi, akwai na mai ɗauke da kilo 300 a kullum, akwai na wanda ya fi haka. Tsayin da aka rubuta a jikin kwali yana tabbata ne kawai idan nauyin da aka ƙera sifirin dominsa yana kan motar. Ka sa mai laushi a motar lodi, ba da daɗewa ba zai kwanta, kuɗinka ya tafi. Ka sa mai tauri a motar da ba ta ɗaukar komai, bayanta zai riƙa tsalle a kan gargada, tayoyi su riƙa barin ƙasa, kuma a nan ne mota ke kuɓuce wa direba a kwana. Haka ma gaba: wanda ya ɗaura bamba ta ƙarfe da injin jan igiya yana bukatar sifirin daban da wanda bai ɗaura ba.

Akwai abin da nake so duk mai wannan niyya ya gani da idonsa kafin ya biya ko kwabo. Ya durƙusa a bayan motarsa ya dubi tulun nan da ke tsakiyar gatarin baya. Shi ne ɗaya daga cikin wuraren da suka fi kusa da ƙasa, kuma yana zaune ne a kan tayoyi, ba a kan sifirin ba. Ko inci nawa aka ɗaga motar, tulun nan yana inda yake. Abin da ke tashi shi ne shasi da bodi da tankin mai da akwatin giya, kuma wannan yana da amfani sosai wajen hawa tudu da sauka kwazazzabo. Amma tulun, taya mai tsayi ce kaɗai ke ɗaga shi. Lissafin ma ba shi da yawa: daga taya 265/65R17 zuwa 265/70R17, faɗin da'irar yana ƙaruwa da kusan milimita 26, wato motar ta tashi da milimita 13 kacal. A kan wannan ɗan ƙari agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudunka da kusan kashi 3 cikin ɗari, motar za ta ɗan yi nauyin tashi, shan mai ya ɗan ƙaru. Ni na ga ya cancanta, amma na san abin da na saya.

Iyakar tsayin kuwa gaban motar ne ke yanke ta. Land Cruiser 79 da tsofaffin Hilux na wajen shekarun 1980 gatari guda ne miƙaƙƙe a gabansu, suna jure ɗagawa da sauƙi. Vigo da waɗanda suka biyo bayanta kowace tayar gaba tana da hannayenta biyu, na sama da na ƙasa, kuma shaf ɗin da ke kawo mata juyi yana da gaɓoɓi a lulluɓe da roba mai cike da giris. Duk ɗagawar da ka yi, shaf ɗin nan yana ƙara karkata. Har zuwa inci 2, wato milimita 50, yana jurewa. In an wuce haka robar takan fara tsagewa, rairayi ya shiga giris, gaɓar ta cinye kanta. Sannan tazarar da taya za ta iya saukowa cikin rami tana raguwa, motar ta riƙa ɗaga ƙafa a inda da can take taka ƙasa. Mai son inci 3 ko 4 sai ya ƙara da sababbin hannayen sama da kayan sauke tulun gaba, kuɗi ya ninka. Ni a inci 2 na tsaya, kuma ban taɓa zuwa inda na ce da ma na ƙara ba.

Hanyoyin araha suna nan, kuma ba na raina wanda aljihunsa ya kai shi gare su. Ana sa zobe a saman sifirin gaba, ana tsawaita marataya a baya, ana saka ƙarfe tsakanin bodi da shasi. Duk suna ba da tsayi, babu wanda ke ƙara wa motar ƙarfin riƙe kaya. Hanyar araha mafi ma'ana ga mai lodi wata ce daban, ƙara ganye ɗaya a sifirin baya. Wanda nake tsoro shi ne a kai tsohon sifirin wurin maƙeri ya gasa shi ya sake lanƙwasa shi da guduma, domin ƙarfen da wuta ta taɓa ba bisa ƙa'ida ba yakan karye ba tare da sanarwa ba. Na taɓa tarar da wata mota cike da buhunan gero a tsakiyar daji, babban ganyen ya ɓalle, gatari ya ja baya, mutane suna zaune a gindin ƙirya suna jiran wanda zai zo daga gari.

Shakazoba kuma ba wurin rage kuɗi ba ne. Dole tsawonsa ya dace da sabon tsayin, in ba haka ba shi zai riƙa tare gatari duk lokacin da taya ta sauka, har ya tsinke. A kan gargada yana motsi ba hutu, man da ke cikinsa ya yi zafi ya yi kumfa, sai ka ji motar tana lilo. Mai faɗin ciki ya fi ɗaukar mai, ya fi jimirin zafi. Na sayi sifirin da shakazoba na kamfani ɗaya, waɗanda aka auna su tare, daga dillalin da ya yarda in duba lambar kowane ɗaya a cikin kundin kamfanin, saboda jabu ya yi yawa a kasuwa.

Ranar ɗaurawa na ga ƙwarewar dattijon nan. Bai ƙarasa ɗaure notunan da ke riƙe da roba ba sai da ya sauke motar daga kan jak ta zauna da nauyinta, don kada robar ta murɗe ta yage. Ya rataye gatarin baya ya duba ko tiyon birki ya miƙe. Sai ya nuna mini wani ɗan bawul da yawancin mutane ba su san da shi ba, wanda ke jikin Hilux da yawa, musamman marasa ABS. Aikinsa ya auna tazarar shasi da gatari, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi idan motar ta zauna da lodi. Da an ɗaga mota sai ya ɗauka wofi take, ya rage birkin baya alhali tana ɗauke da kaya. Ya ɗaga maƙalinsa daidai da tsayin da aka ƙara. Daga nan muka kai ta aka daidaita tayoyin gaba, aka sauke fitilu, kuma ya ce in dawo bayan tafiyar farko a sake matse notunan da ke ɗaure sifirin da gatari. Da na dawo kuwa sun ɗan saki.

Yanzu motar tana tsayawa daidai da lodinta, bugun nan ya daina, cikinta ya bar gogar ƙasa. Amma shasi da birki da gatari na da ne, nauyin da kamfani ya rubuta mata, kusan tan ɗaya har da mutane, bai ƙaru da kilo ko ɗaya ba. Nauyinta ya koma sama, saboda haka batura da siminti a ƙasan akori nake jera su, kusa da kan mota, ba na ɗora komai mai nauyi a rufi, kuma na rage gudu a kwana da gefen tudu. A rairayin Yusufari kuwa har yau sai na tsaya na rage iskar tayoyi kafin in shiga, in sake hura su da ɗan famfona idan na hau kwalta.