Digiri a aljihu, sitiyari a hannu

Ranar da na shaida wa mahaifiyata cewa zan shiga tuƙin tankar sinadarai, ba ta ce komai ba sai da ta gama tankaɗen da take yi. Sannan ta ɗago kai ta ce, "Ashe gonar gadona da na sayar na biya maka kuɗin makaranta, a yaron mota za ta ƙare?" Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, ki yi mini addu'a kawai." Ban da wannan ba ni da abin faɗa. Shekara huɗu ke nan da kammala digirina a fannin kimiyyar sinadarai, na yi bautar ƙasa, na zaga ma'aikatu da takardu har tafin takalmina ya suɗe. Abin da na samu shi ne koyarwa a wata makarantar kuɗi, inda albashin wata ba ya sayen buhun shinkafa.

Wani aminin marigayi mahaifina ne ya karɓe ni. Dattijo ne da ya haura shekara talatin yana jan tanka tsakanin Legas da Kano. Ya ce mini a motarsa babu digiri, akwai maigida da yaro. Shekara ɗaya da rabi ina wanke mota, ina duba iskar taya, ina sa waigi, ina kwana a ƙarƙashin tanki, kafin ya bar ni na riƙe sitiyari a kan babbar hanya. Bayan haka na nemi lasisi mai rukunin G, wanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke bai wa masu jan manyan motoci masu haɗe da bodi.

Abin da ya fara karya mini girman kai shi ne ruwa. A aji na koyi cewa lita ɗaya ta ruwan soda mai kauri, irin wanda masana'antun sabulu ke amfani da shi, ta kai kilo ɗaya da rabi, wato kusan ninki biyu na nauyin fetur. Abin da ban koya ba shi ne ma'anar wannan a kan titi. Saboda nauyin kayan, ba a cika tanki har baki, don kada lodi ya fi ƙarfin mota. Tankunan sinadarai da yawa kuma ba su da shingayen ciki da ke rage motsin ruwa, domin a ji daɗin wanke su tsakanin lodi da lodi. To idan ka taka birki, mota ta tsaya, ruwan bai tsaya ba. Sai ya taho gaba ɗaya ya doki gaban tanki, ka ji kamar wata motar ce ta buge ka ta baya. A kan kwana kuwa ruwan gefe guda yake komawa, kuma nan ne tanka ke kifewa. Baba yakan ce mini, "Yaro, kai da kayanka tare kuke tuƙi. In ka yi gaggawa, shi zai karɓi sitiyarin."

Darasi na biyu shi ne karanta alamomin jikin tanki. Jan tambari mai hoton harshen wuta da lamba 3 yana nufin ruwa mai kamawa da wuta, kamar fetur. Tambarin da samansa fari ne ƙasansa baƙi, mai hoton ruwa yana ɗiga a kan hannu da kan ƙarfe, da lamba 8, yana nufin abu mai cin fata da ƙarfe. Akwai kuma lamba huɗu da duniya ta amince da su don tantance kowane sinadari: 1824 ruwan soda, 1830 asid ɗin da jama'a suka fi sani da ruwan batir, 1203 fetur. Na daɗe ina ɗaukar waɗannan a matsayin ado na cika sharaɗi, har ranar da na ga abin da rashin saninsu ke iya jawowa.

A tafiyata ta uku ina direba, mun ɗauko ruwan soda daga Apapa za mu kai wata masana'anta a Kano. Mun wuce Ibadan da Ogbomosho da Ilori, mun haye gadar Jebba, muna kan hanyar Mokwa da hantsi, sai yarona ya hango jiƙa a bayanmu ta madubi. Ramukan hanya sun sassauta bakin famfon da ake sauke kaya, ruwa yana zuba kaɗan-kaɗan. Na gangara gefen titi kusa da wani ƙauye, na kashe mota, na sa safar roba da tabarau da takalmin aiki. Kafin na gama shiri, mutane sun fara fitowa da jarkoki da bokitai.

Gabana ya faɗi. Watanni kaɗan kafin nan, a ranar 15 ga Oktoba, 2024, fiye da mutum 150 suka rasu a Majiya ta jihar Jigawa lokacin da tankar fetur ta faɗi jama'a suka taru kwasa. A ranar 18 ga Janairu, 2025, irin haka ta sake faruwa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, aka rasa fiye da mutum 80. Kayana ba ya kamawa da wuta, amma ba shi da wari, kuma a ido kamar ruwa yake. Idan ya taɓa fata, santsi ake fara ji kamar na sabulu, alhali naman ne ya fara narkewa. Idan ya shiga ido, yana iya makantarwa.

Na tsaya tsakaninsu da tankin na buɗe hannuwa ina cewa ba mai ba ne, guba ce. Da yawansu Nufawa ne, wasu ba sa jin Hausa sosai, wasu kuma sun ɗauka rowa ce irin ta direbobi. Allah ya kawo wani mai shayi Bahaushe da ya daɗe a garin, shi ya riƙa fassara. Amma kafin nan wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya riga ya tara hannu. Na kama shi na riƙa kwarara masa ruwan shanmu, jarka bayan jarka, har sama da minti ashirin, yana kuka uwarsa tana zagina. Da ta ga yadda tafin hannunsa ya yi ja ya fara saluɓewa, sai ta yi shiru. Daga nan mutanen da suka zo kwasa suka koma ɗebo ƙasa, muka yi madatsa don kada ruwan ya gangara rafin da suke sha. Na ɗaure famfon, aka kai yaron asibiti a kan babur, muka kwana a wurin har kamfani ya turo masu gyara.

A daren nan na gane cewa karatuna bai tafi a banza ba, kuma na gane cewa shi kaɗai bai isa ba. Jami'a ce ta koya mini abin da soda ke yi wa fata. Baba ne ya koya mini duba madubi kowane ɗan lokaci, da ajiye ruwa mai yawa a mota, da tsayawa a gaban taro ba tare da ɗaga hannu a kan kowa ba.

Shi ya sa nake kira ga masu motoci da ƙungiyoyin direbobi da hukumomi: kada a damƙa wa mutum tankar sinadarai don kawai ya iya jan tirela. A koya masa abin da ya ɗauko, a ba shi kayan kariya, a daina ƙayyade masa lokacin isowa da zai tilasta shi tuƙin dare da rana har ya koma shan ƙwayoyin hana barci. Gidajen rediyo da limamai da malaman makaranta, musamman a garuruwan da ke bakin manyan hanyoyi, su riƙa faɗa wa jama'a cewa ba duk abin da ke zuba daga tanka ne fetur ba, kuma ko fetur ɗin ne, guje masa ake yi. Na san talauci ne ke kai mutum da jarka, don ni ma talaucin ne ya kai ni bayan sitiyari. Amma ba a sayen rai da lita ashirin.

Ga 'yan'uwana masu takardu a hannu kuma, babu maraya sai rago. Sana'ar tana da wuya: makonni ba ka ga iyalinka ba, ga 'yan fashi, ga shingayen bincike da ba su ƙirguwa. Amma halal ce, kuma tana buƙatar masu ilimi fiye da yadda ake zato.

Da na dawo gida na ba Inna labarin yaron, ta daɗe ba ta yi magana ba. Washegari da asuba zan koma, sai na tarar ta cika mini jarka biyu da ruwa ta ajiye a zaure. Ta ce, "Ɗauki, ka ƙara a kan naka. Allah ya kiyaye hanya."