Mu Da 'Yan Talabijin A Bakin Ruwa

Wannan makon layi ya zo kanmu, mu masu ɗaukar bidiyo na Daura. Mun ce "mu" ne saboda mu huɗu ne muke haɗa kuɗin hayar shago ɗaya, kuma abin da za ku karanta tare muka zauna muka tattara shi bayan la'asar, ɗaya na rubutu, ukun na katse shi. In kun ga magana ta yi tsalle, laifin masu katsewar ne.

Asalin sana'armu biki ne da suna da walimar sauka, sai hawan Sallah da Hawan Magajiya da Sallar Gani, inda muke shan ƙura a tsakanin dawakai. Tun 2015 da marigayi Muhammadu Buhari ya ci zaɓe garin ya canza mana. Duk Sallah sai motocin gidajen talabijin su cika gari, daga Abuja da Legas da Kaduna, wasu ma daga ƙasashen waje. Ba su san hanya ba, ba su san wanda ake gaisarwa kafin a kafa kyamara a ƙofar fada ba, dole su nemi ɗan gari. Da haka muka shiga hulɗa da su.

Maganar ruwa kuwa tsautsayi ne ya kawo ta. Ɗayanmu jikan masunta ne ta wajen uwa, ya iya kurme tun yana yaro. Shi ya sayo 'yar ƙaramar kyamarar nan GoPro ta hannu a kasuwar Farm Centre ta Kano, don a riƙa ɗaura ta a jikin mahayi ranar hawa. Irin wadda ya sayo tana shiga ruwa har mita 10 ba tare da an sa mata gida ba. Wata rana ya nutse da ita a dam, muka ɗora a intanet don nishaɗi, shi ke nan labari ya bazu cewa a Daura akwai masu ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa. Mu da ba mu taɓa ganin teku ba sai a waya.

Matsalarmu ta farko da 'yan talabijin ita ce abin da ke kansu kafin su zo. Sun saba kallon finafinan Turawa na cikin teku, ruwa shuɗi tas, kifaye masu launi na wucewa a jere. Wannan sana'a tsohuwa ce a can. Bafaranshen nan Jacques Cousteau da abokinsa Emile Gagnan sun ƙera na'urar numfashi a cikin ruwa tun 1943, kuma fim ɗin Cousteau na cikin teku ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a 1956. Amma a ruwa irin na Bahar Maliya ya yi aikinsa, inda mutum ke hango abin da ke nesa. Mu abin da muke da shi dam ɗin Sabke ne da na Daberam, sai kududdufai da rijiyoyi. Da damina ruwanmu kalar kunun tsamiya ne. In ka miƙa hannunka a ciki, ba ka ganin yatsunka.

Sai wakili ya ce, "To ku kunna fitila mana." Wallahi mun gaji da bayanin nan. Duk wanda ya taɓa tuƙi cikin hazo ya san abin da ke faruwa in ya kunna babbar fitila: hasken ƙurar yake dukawa ya dawo masa ido. Haka laka take yi a ruwa. Ƙarin haske ƙarin fari ne kawai. Ko a tekun mai tsabta ma, ruwa na haɗiye jan launi tun daga 'yan mitocin farko, shi ya sa masu aikin ke kusantar abu sosai kafin su ɗauka. Mu nan sai kyamara ta kusa taɓa abu sannan ta gan shi.

Akwai lokacin da ruwan dam yakan ɗan kwanta: bayan damina ta daɗe da ɗaukewa, da sassafe, kafin iska ta taso, kafin shanu su zo sha su dama bakin. Lokacin sanyi ke nan, kuma mai shiga yakan fito haƙora na haɗuwa. Mukan ce musu ku zo ƙarfe bakwai. Daga Katsina zuwa Daura tafiyar wajen kilomita 80 ce, ba wata uwa duniya ba, amma sai sha biyu saura za ka ga ƙurar motarsu. Kafin ka ankara wakili ya naɗe wando ya shiga ruwa zuwa gwiwa don a ɗauke shi yana magana daga ciki, ya tattake daidai wurin da muka kwana muna lallaɓawa. Lakar da ya tayar ba za ta kwanta ba sai gobe. Sannan ya juyo ya ce, "Mallam, minti goma muke da shi, sai mun tura kafin labaran dare."

Wani ya taɓa ba mu shawarar da har yau muke dariyarta, dariyar da akwai ciwo a ciki. Da kifi ya ƙi fitowa a hoto, ya ce a sayi tarwaɗa mai rai a hannun masunta, a zuba ruwan famfo a babban baho, a sa kyamara a ciki. Muka ce, "Oga, ai wannan ba dam ba ne." Ya ce mai kallo ba zai gane ba. Ba za mu yi muku ƙarya ba, ranar mun yi, saboda kuɗin haya ya zo. Da dare muka ga tarwaɗar bahonmu a talabijin ana cewa ga albarkar da ke cikin dam. Masuncin da ya sayar mana da ita ya gani a wayar ɗansa. Da muka haɗu a kasuwa bai ce komai ba, murmushi kawai ya yi, kuma tun daga nan ba mu sake yi ba.

Ɗayanmu ya je bikin kamun kifi na Argungu a watan Maris na 2020, shekarar da aka dawo da shi bayan dogon hutu. Ya dawo ya ce ko can, da dubban masunta suka afka kogin Matan Fada da gora da homa, babu kyamarar da za ta ga komai a ƙasa. Manyan gidajen talabijin daga tudu da kwale-kwale da sama suke ɗauka. In Argungu ba ta ba su ba, mu a ina za mu samo musu?

Sai rijiyar Kusugu. Duk baƙon da ya zo Daura da kyamara sai ya nemi zuwa can, kuma daidai ne, don labarin Bayajida da Daurama da macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a shi ne abin da duniya ta fi sanin garin da shi. Wata tawaga ta ce tana son a zura kyamara har cikin ruwan, a nuna inda macijin ya zauna. Su a ganinsu aikin minti biyar ne, igiya da guga. Mu kuwa mun san rijiyar tana cikin gini, tana da masu kula da ita, kuma mutane na zuwa daga nesa su sha ruwanta. Ba wurin da za ka jefa abin da ya kwana a cikin lakar dam ba ne don kawai kana sauri. Muka ce sai an nemi izini, sai an wanke kaya, in an ce a'a kuma shi ke nan. Suka ga kamar ja musu rai muke yi don a ƙara mana kuɗi. A ƙarshe ba su jira ba, suka ɗauki bakin rijiyar daga sama suka wuce. Su sun koma inda suka fito. Da mun biye musu aka samu matsala, mu ne za mu ci gaba da bin layin nan kullum muna gaisawa da dattawan wurin.

Maganar kuɗi ba za mu daɗe a kanta ba, kowa ya san "za mu turo". Wadda ta fi mana ciwo ita ce ta suna. Ka shiga ruwan sanyi, ka sha laka, ka fito da daƙiƙa ashirin masu kyau, a yanke shida a sa, a liƙa tambarin gidan a kai, babu inda aka ce ga wanda ya ɗauka. Akwai ranar da muka ɗora namu cikakken a shafinmu, sai ga saƙo wai an rufe bidiyon saboda mallakar wani gidan talabijin ne. Bidiyon da asalinsa ke cikin katin da ke aljihunmu. Kuma in ruwa ya shiga kyamara, babu wanda zai saya maka wata. Zafin garin nan yana busar da robar murfinta, ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a bakin, aiki ya ƙare.

Duk waɗannan da sauƙi. Abin da ya sa muka karɓi rubutun wannan makon wani abu ne da ya faru da wata damina, a wani ƙauye na ƙasar Daura da ba za mu faɗi sunansa ba.

Akwai ramukan da ake bari bayan an ɗebi ƙasa don aikin hanya ko bulo. Da rani ba wanda ke kula da su. Ruwa na sauka sai su cika, bakinsu ya yi kama da wurin wasa, alhali taku biyu ne tsakaninka da zurfin da ya fi tsayin babban mutum. Yara suka je wanka, ɗaya bai fito ba. Aka kira mu a waya, ba mutanen ƙauyen ba, wani wakili ne da ke kusa da labarin ya iske shi. Ya ce mu zo da kyamarar ruwa.

Da muka isa mun tarar da dattijon da ake kira in irin haka ta faru. Sana'arsa yasar rijiya ce, shi ne wanda ba ya sauka rijiya sai ya fara zura fitila mai wuta ya ga ko za ta mutu, don ya san akwai iskar shaƙa a ƙasa. Muka gaishe shi, muka ce, "Baba, ko kyamarar nan za ta taimaka a gano inda yake?" Ya dube ta, ya dube mu, ya ce, "Yaro, ruwan nan da ƙafa ake ganinsa." Ya ɗaura igiya a ƙugu ya ba matasa biyu su riƙe, ya shiga yana lalube. Namu mai kurmen ya bi shi don taimako, kyamarar tana ɗaure a ƙirjinsa, kuma a kunne take. Mu muka kunna ta, ba wani ne ya tilasta mu ba.

An daɗe kafin a same shi. Lokacin da suke tasowa da shi, a daidai inda hasken rana ke ratsa saman ruwa, kyamarar ta ɗauki abin da duk shekarun nan ba ta taɓa ɗauka da kyau irin haka ba. Mutane suka yi maza suka rufe shi da zane tun kafin a kai tudu, kamar yadda aka saba, don haka kyamarar wakilin ba ta samu komai ba sai bayan jama'a. Mahaifin yana zaune a gindin wata bedi, bai tashi ba, yana ta maimaita innalillahi.

Wakilin ya ja mu gefe. Ya ce mu ba shi katin. Ya ce zai rufe fuskar, ya ce irin wannan hoton ne ke sa hukuma ta motsa ta cike ramin, ya faɗi kuɗin da ya fi duk abin da ya taɓa ba mu, kuma a hannu. Maganarsa ta biyu ba shirme ba ce, mun san haka, kuma mun yi gardama a kanta a tsakaninmu har cikin mota. Ɗayanmu har yau yana ganin da an nuna, da wataƙila an cike ramin. Sauranmu muka ce mutanen da suka yi gaggawar rufa wa yaron zane sun riga sun faɗi abin da suke so, kuma uwarsa na da waya, ƙannensa za su girma su yi waya. Muka ce masa in labarin rami yake so, ga ramin nan, ga mai unguwa, ga sauran ramuka uku a kan hanyar da ya biyo, mu za mu kai shi kyauta. Ya ce edita ba zai sa hoton rami kawai ba. A nan ma gaskiya ya faɗa.

Ba mu ba shi ba. Muka je muka durƙusa muka ce wa mahaifin, "Baba, Allah ya ba da haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne." A daren muka goge katin mu huɗu muna kallo, don kada shaiɗan ya raya wa wani wani abu ranar da aljihu ya bushe. Labarin ya fita a layi biyu, ba hoto. Gidan nan bai sake kiranmu ba, har ranar 15 ga Yuli, 2025 da aka yi jana'izar Buhari, ranar da Daura ta cika da kyamarori har aka rasa ɗan garin da zai riƙe wa wani lema. Ranar mun yi wa wasu aiki, mun haɗu da wakilin a cikin cunkoso, mun gaisa lafiya lau.

Yanzu in aka kira mu aikin ruwa, kafin a yi maganar kuɗi mukan yi tambaya uku: ƙarfe nawa za ku iso, za a rubuta sunanmu, kuma akwai gawa a ciki? Da yawa daga ta biyu suke kashe waya. Ramin nan kuwa mun bi ta wajen makon jiya za mu ɗaukar biki. Yana nan, an dai kafa ƙaya a gefe ɗaya, kuma mun tarar da yara uku suna wanke keke a ɗaya gefen.