Babur ɗin da ya fi ƙarfina

A wajenmu, tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, babur abin aiki ne. Shi ke kai malamin firamare ƙauyen da aka tura shi, shi ke ɗauko buhun taki daga kasuwar Sara, shi ke fito da mai naƙuda daga lungun da mota ba ta shiga zuwa bakin kwalta. A cikin wannan na tashi, na san shi sarai. Amma da lokacin sayen nawa na farko ya yi, sai na bar ido da kunne suka zaɓa mini, kuma wanda ya ɗanɗana kuɗar wannan zaɓi ba ni ba ne.

A watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaba, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Babura na hannu suka riƙa shigowa garuruwanmu, masu su na neman kai da su. Ga Bajaj Boxer, ga Jincheng, ga roba-roba, duk da rangwame. Wato irin babur ɗin da ya dace da ɗan koyo yana gabana, kuɗina kuma sun isa har da rara. Na raina su. Boxer a ganina na 'yan acaba ne, roba-roba kuwa na mata da dattawa. Da wani dillali ya nuna mini wani dogo mai ƙaton tanki da injin cc 200, ya murɗa totur ya yi ruri, ban ƙara sauraron kowa ba.

Sai da na biya rabin kuɗi sannan na tura shi wurin wani dattijon bakanike a Birnin Kudu, wai ya duba mini. Wannan ma kuskure ne mai zaman kansa, domin shawarar da aka nema bayan an yanke hukunci neman a yaba ne kawai. Bai fara taɓa injin ba. Cewa ya yi, "Malam, hau mu gani." Na hau, kan yatsuna kaɗai ke taɓa ƙasa. Ya girgiza kai ya ce, "Ba girin-girin ba, ta yi mai. Wannan ya fi ka tsawo, ya fi ka nauyi, kayansa kuma sai Kano. Ka koyi tuƙi a kan ƙarami tukuna." Na yi masa godiya, na je na cika wa dillali kuɗinsa. Ko na hular kwano ban rage ba.

Abin da dattijon ya gani a kallo ɗaya, ni sai daga baya na fahimce shi. Ɗan koyo ba a cikin gudu yake yawan faɗuwa ba. A wurin tashi yake faɗuwa, da wurin tsayawa, da wurin juyawa a hankali, lokacin da babur ya karkata ya nemi ƙafar da za ta tare shi. In tafin ƙafa bai kai ƙasa ba, nauyin ne zai yi hukunci. Sannan babban inji ba ya yafe kuskuren hannu. Ka saki kuloci da gaggawa a kan mai cc 100, sai ya yi tsalle kaɗan ya mutu, ka sake bugawa. Ka yi haka a kan mai cc 200, sai ya fizge ka. Roba-roba da na raina ma ba shi da kulocin hannu, ƙafa kawai ke canza giya, ga shi gajere, mutum ya samu sukunin koyon birki da kwana kafin ya ƙara wa kansa wani aiki. Su kuma 'yan acaba ba don rashin sanin kyau suka riƙe Boxer ba: ba ya shan mai, kujerarsa doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, kuma daga Babaldu har Basirka da wuya ka rasa mai sarƙarsa ko takalmin birkinsa.

A kan kwalta na ɗan saba, har na fara jin na iya. Ran nan da rani za ni wani ƙauye a ƙasar Gwaram, ɗan yayana, yaro ɗan firamare, ya ce, "Baffa, zan bi ka." Na ɗora shi a baya. Muka bar kwalta muka ɗauki burji, can gaba muka tarar da yashi a wani kwari. Wanda ya iya, tun daga nesa zai rage gudu ya koma ƙaramar giya, ya riƙe totur daidai, ya bar birkin gaba ya huta. Ni da na ji kan babur yana rawa, sai na damƙe birkin hannu. Tayar gaba ta kafe ta zame, na miƙa ƙafa ban samu ƙasa ba. Babur ya kwanta a kan ƙafar yaron, salansa mai zafi a jikin ƙwaurinsa, na kuma kasa ɗaga shi ni kaɗai sai da wasu masu amalanke suka kawo ɗauki. Kansa ya daki ƙasa dab da wani dutse.

An wanke masa ƙunar a asibiti a Birnin Kudu, aka ɗinke goshin. Yayana ya zo, ya duba ɗansa, ya dube ni ya ce, "Allah Ya kiyaye gaba." Bai ƙara ko kalma ba. Mutane suka yi ta cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara, amma ba zan ɓuya a bayanta ba. An faɗa mini gaskiya tun kafin in cika kuɗi, na ji da kunnena, na ƙi.

Batun hula ya fi komai ci mini rai. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano ga direba da wanda aka goya, mu kuwa muka mai da abin wasa, har wasu na kifa ƙwarya a ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular da aka sa daidai tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da zai iya kaiwa har kashi 74 cikin 100. Kuɗin hula biyu bai kai la'adar da na ba dillali ba.

Na sayar da babur ɗin da asara, domin masu neman irinsa a nan kaɗan ne. Na koma wurin dattijon, wannan karon kafin in ba kowa ko sisi. Shi ya zaɓa mini roba-roba na hannu, ya saurari injinsa da sanyin safiya kafin ya ɗumama, ya duba hayaƙi da haƙoran sarƙa, ya sa na gwada lambar inji da wadda ke kan rasit, saboda na sata ma yana yawo a kasuwa. Da ragowar kuɗin na sayi hula biyu, na yi lamba. A filin ƙwallon makaranta na koyi tsayawa da juyawa, daga baya na nemi yashi da gangan, ni kaɗai, har hannuna ya daina kai wa birkin gaba cafka.

Yayana bai sake barin yaron ya hau bayana ba sai da ya gama firamare, ban kuma taɓa ganin laifinsa ba.