Minti Casa'in na Yayana

Akwai wani abu da ya tsaya mani a rai tun bikin 'yar yayana da aka yi a watan Disamba na shekarar 2024, na kuma lura idan ban rubuta shi ba, ba zai bar ni in sakata in wala ba. Magana ce a kan waƙoƙin rawa da ake haɗawa wuri guda, waƙa na bin waƙa ba tare da an tsaya ba, irin wanda yaran yanzu ke kira mikis. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce: yau da kowace waƙa take cikin wayar kowa, shin wannan haɗi yana da sauran amfani kuwa?

Bari in koma baya kaɗan. A ƙarshen shekarun 1990, babban yayanmu yana da wani ɗan shago a bakin titin unguwarmu da ke Fagge a Kano. Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. A ciki akwai rikoda mai baki biyu, da lasifika ɗaya da yake fitarwa ƙofa kowace safiya, da kaset-kaset jere a kan katako har kusa da rufi. Sana'arsa ita ce ka kawo sabon kaset wanda ba a ɗauki komai a kansa ba, wanda muke kira emti, ya zuba maka waƙoƙin da kake so. Amma abin da ya fito da shi a unguwa shi ne kaset ɗin biki. Mata kan aiko tun ana saura mako biyu, a ce don Allah a haɗa na wuni.

Kaset ɗin mai minti 90 ne, wato minti 45 a kowane gefe, don haka babu wurin ɓarna. Yaya ba ya ɗaukar waƙa daga farko har ƙarshe. Yakan saurara har inda kiɗa ya yi zafi, ya ɗauki wannan, ya danna maɓallin dakatarwa, ya zura biro a cikin wani kaset ɗin yana juyawa har ya kai daidai inda yake so, sannan ya saki. Idan ganga ba ta faɗa a kan ganga ba, sai ya goge ya sake. Na sha ganin ya maimaita mahaɗa ɗaya sau bakwai. Ya kan ce da ni, "Auta, shiru na daƙiƙa uku ya isa ya zaunar da mace, kuma wadda ta zauna ta gyara mayafi, tashinta sai an yi da gaske."

Abin dariyar shi ne, bai taɓa ganin rawar da yake haɗa wa kiɗa ba, domin namiji baligi ba ya shiga wunin mata. Ni ce idonsa. Ina 'yar shekara tara, zai ba ni naira biyar ya ce in je in zauna kusa da rikoda. Idan na dawo sai ya buɗe wani tsohon littafin makaranta yana tambayata yana rubutawa: a wace waƙa suka tashi, a wace suka zauna, a ina aka rangaɗa guɗa, yaushe iyaye suka shiga fili, yaushe aka kawo abinci. Daga wannan littafi ya fitar da tsarinsa. Gefen farko na iyaye ne, a fara da amadar Barmani Choge da kiɗan ƙwarya, a gangaro zuwa kalangu. Kafin gefen ya ƙare sai ya fara saka kiɗan fiyano na finafinai, irin wanda ya cika gari bayan fitowar Sangaya a 1999. Lokacin da kaset zai tsaya a juya shi, la'asar ta yi, an tashi salla da cin abinci. Gefe na biyu na ƙawayen amarya ne, da waƙoƙin fim da na Indiya da kiɗan Awilo Longomba, sannan ya rufe da mai sanyi domin a watse cikin natsuwa kafin magariba.

To, mai karatu ya san yadda zamani ya yi da kaset. Faifan CD ya zo, daga baya aka fara zuba waƙoƙi sama da 100 a faifai ɗaya. Fayafayen haɗi daga kasuwar Alaba ta Legas suka cika tashoshin mota, har ta kai sababbin mawaƙa na biyan kuɗi don a saka waƙarsu a ciki, domin ita ce hanyar da za a ji su a faɗin ƙasa. Ba a jima ba sai ga memori, masu tura waƙa a waya suka baje kwamfutocinsu a kasuwar Farm Centre da bakin tituna. A 2015 manhajar Boomplay ta fara zuwa a cikin wayoyin Tecno, a 2021 kuma Spotify ta shigo Nijeriya. Yaya bai jira duk wannan ba, tun a 2011 ya rufe shago ya koma sayar da caja da rigar waya. Kaset-kaset ɗinsa wani manomi ya kwashe a buhu, ya ce zai ja zaren a gonar shinkafa don korar tsuntsaye. Ranar Yaya bai ci tuwon dare ba.

Shekara goma sha uku bai sake taɓa wannan aiki ba, sai ga bikin 'yarsa ta fari. Ƙawayen amarya suka ce ba sai an wahalar da kowa ba, sun tara waƙoƙi kusan 200 a waya, ga kuma babbar lasifika da aka aro. Da farko abin ya tafi daidai. Aka saka Jarumar Mata ta Hamisu Breaker, wadda ta tayar da matan aure rawa a gidajensu lokacin kullen korona na 2020, fili ya cika maƙil. Waƙar na ƙarewa sai ga talla. Bayan talla sai wayar ta zaɓo wata waƙar rabuwar masoya mai sanyi kamar ana zaman makoki, a gidan biki! Ana cikin neman wata sai kira ya shigo, duk gida aka ji ƙarar. Haka aka yi ta tashi ana zama. Iyaye kuwa suna gefe a kan tabarma fiye da awa guda, babu abin da ya kira su. Can sai Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ta yafito ni ta ce, "Auta, mu yau ba a san da mu ba ne? Ina kiɗanmu?"

Kunya ta kama ni. Na fita zaure na sami Yaya zaune shi kaɗai. Kafin in buɗe baki ya ce, "Na sani. Tun daga nan na ji sun zauna." Na ce, "Yaya, gobe akwai sauran wuni, ka taimaka ka haɗa mana." Ya girgiza kai ya ce ya bar wannan aiki, kuma ai duk waƙar da ya sani tana cikin wayar yaran nan. Na ce masa, "Waƙoƙin suna ciki, amma Goggo ba ta tashi ba." Ya yi shiru ya daɗe. Bayan isha'i sai ga shi ya kira ɗansa ya ce ya kawo kwamfutarsa ya nuna masa inda ake yankawa da inda ake haɗawa. Ya zaunar da ni yana yi mani tambayoyin nan na da: iyaye nawa ne, dangin ango daga ina suke, ƙarfe nawa za a sauke abinci. Har ƙarfe biyun dare yana kai. Kwamfutar za ta ɗauki kiɗan wata guda ba ta cika ba, amma shi minti 90 cif ya haɗa, ya raba shi gida biyu. Washegari da kiɗan ƙwarya ya tashi, Goggo mai shekara saba'in da ɗoriya ta ɗaure gyale a ƙugu ta shiga fili, aka yi ta guɗa. Da 'yan mata suka karɓa ma ba wanda ya lura da inda aka sauya.

Na ɗauka mu kaɗai wannan sauyi ya shafa, sai da na shiga karance-karance na ga Turawa ma sun sha wannan muhawara, su da suka mayar da haɗin waƙoƙin rawa babbar kasuwa. A Landan akwai gidan rawa mai suna Ministry of Sound, wanda tun 1995 ya fara fitar da faifan haɗi na shekara-shekara mai suna The Annual. A 2013 kamfanin ya kai Spotify kotu, yana ƙorafin cewa masu amfani da manhajar suna kwaikwayon jerin waƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya. Waƙoƙin da yawa ba nasa ba ne, abin da yake cewa nasa ne shi ne zaɓin da jerawar. A 2014 suka sasanta a wajen kotu, a 2016 kuma Sony ta saye ɓangaren fayafayen kamfanin. Wani gidan rawar na Landan mai suna Fabric ya fara nasa jerin fayafayen a 2001, ya rufe shi a 2018 bayan ya kai na 100. Da na karanta wa Yaya labarin shari'ar nan, sai ya yi dariya ya ce ashe har a Ingila an san jerawa aiki ce.

Amma dariyar ba ta daɗe ba, domin akwai abin da ke cin sa. Ya ce da ni, "Auta, shekara goma sha biyar ina cin abinci da muryar mutane, ban taɓa ba mawaƙi ko sisi ba. Barmani ta rasu a 2013 ban taɓa zuwa na gaishe ta ba." Ban sami abin ce masa ba, don gaskiya ya faɗa. A wannan fuskar sabon zamani ya fi na da adalci, tunda manhajojin nan suna lissafa sauraro su biya mai waƙa, ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba. Matsalar haɗi kullum ita ce haƙƙin mutane da yawa ne a dunƙule cikin abu ɗaya, shi ya sa ya daɗe yana yawo ta bayan gida. Sai a 2021 Apple Music ta sanar da cewa za ta yi amfani da fasahar Shazam wajen gane kowace waƙa da ke cikin haɗi, domin a biya masu waƙoƙin da wanda ya haɗa. Wato an yarda haƙƙi biyu ne a wurin, na wanda ya rera da na wanda ya jera.

Ni dai abin da na fahimta shi ne, sayar da haɗi a kaset ko faifai ya wuce, ba kuma zai dawo ba. A da mutane na zuwa wurin Yaya saboda abu biyu: yana da waƙoƙin da ba su da su, kuma ya san yadda zai jera su. Waya ta ƙwace na farko, amma ba ta iya na biyu ba. Manhaja ta san abin da ni kaɗai nake saurare da abin jin sauti a kunnena, ba ta san akwai Goggo a kan tabarma ba, ba ta san an kusa kiran la'asar ba. Shi ya sa har gobe idan ka shiga a-daidaita-sahu ko motar haya za ka ji direba ya saki haɗi mai tsawon awa guda, kuma irinsu sun cika YouTube da Audiomack. Yawan waƙa bai rage buƙatar mai zaɓe ba, sai ma ƙara ta da ya yi.

Tun bayan bikin, gidaje huɗu sun aiko wa Yaya. Biyu ya karɓa, biyu ya ce sai an faɗa masa su waye za su zo. Ya kuma sa ɗansa ya riƙa rubuta sunan kowane mawaƙi a jikin abin da ya haɗa, ya ce ko bai biya ba, a san mai abu. Ya sayi sabon littafin makaranta, kuma ni ce dai har yanzu ake aika, sai dai na ce masa naira biyar ba ta isa ba. Allah Ya ba amarya da ango zaman lafiya, mu kuma sai mun sake haɗuwa.