Yini Ɗaya a Magazin ta Suame

Duk wanda ya zauna a Kumasi ya san inda ake kai mota in ta gaji. Daga Kejetia ka kama hanyar Offinso, ba ka yi nisa ba sai ga shataletalen Suame, daga nan kuwa ƙarar guduma da warin baƙin mai su za su nuna maka hanya. Wurin nan shi ne Magazin. Sunan ya samo asali daga rumbun makamai na sojan Turawa, inda maƙera da makanikai suka fara taruwa a cikin gari wajen shekarun 1930. Da aka tashe su zuwa Suame sai suka tafi da sunansu.

Abin da ya kai mu shi ne motar ƙungiyarmu, wata tsohuwar Nissan Urvan. Ita ke kai gawa maƙabartar Tafo, ita ke kwasar 'yan biki. Injinta lafiya lau, amma cikinta ya lalace: allunan ƙofa sun kumbura, yadin rufi ya sauko yana shafar hulunan dattawa, ga warin ruma da damina. A taron da ya wuce har wasu sun ce a sayar da ita. Mu muka roƙa a ba mu dama, don mun san in ta tafi ba mu da kuɗin wata.

Muka wuce masu walda da masu fenti, muka ratsa tarin injuna da aka sauke daga Tema, har muka isa rumfar wani dattijo ɗan Aboabo mai gyaran cikin mota. Yaransa uku 'yan Asante ne, suna ce masa Masta, suna jin Hausa daidai gwargwado. Muka gaisa, muka ce, "Baba, so muke a sa mata sabuwar leda ta yi kyau." Ya dubi ƙofar, ya danna ƙasanta da babban yatsa, yatsan ya nutse. Ya ce, "Alhaji, ku bari mu buɗe tukuna."

Cire allon ƙofa aikin haƙuri ne. Da farko ya kwance sukurorin da ke ɓoye a mariƙin hannu. Abin murɗa gilashi kuwa wata 'yar waya ce lanƙwasasshiya ke riƙe da shi ta baya. Ya zura tsumma ya ja hagu da dama, sai ga ta ta faɗo a tafinsa. Sannan ya bi gefen allon da wani ƙarfe mai baki biyu, yana ɓalle maƙalan roba ɗaya bayan ɗaya. Wani yaro ya yi gaggawa ya fizgi nasa gefen, biyu suka karye, ya sha faɗa. Roba in ta tsufa a zafin ƙasar nan ba ta jure fizga.

Da allon ya fita muka ga asalin ciwon. Ashe tsakanin allo da ƙarfen ƙofa akwai wata farar leda siririya da kamfani ke liƙawa. Ruwan sama dole ya bi gilashi ya shiga cikin ƙofa, ledar nan ce ke tare shi, ya gangara ya fita ta 'yan ramuka a ƙasa. Tamu babu ita. Wani mai gyaran makulli ya yage ta shekarun baya bai mayar ba, ƙurar hunturu kuma ta toshe ramukan, ruwa ya kwanta, allon kwali ya yi ta sha har ya ruɓe. Da an bi tamu an shimfiɗa sabuwar leda a kai, damina ɗaya ta ishe ta.

Ya sa aka fasa ramukan da waya, aka kankare tsatsa aka shafa fenti, aka yanko leda mai kauri aka liƙa. Tsohon allon ya ɗora a kan sabo ya zana, har ramukan maƙalai, ya yanka, ya shimfiɗa soso siriri, ya shafa gam a ɓangarorin biyu, ya jira ya sha iska kafin ya haɗa. Rufi shi ya ci lokaci, don soson da ke bayan yadin ya zama gari, kuma sai an goge shi tas da buroshi gam yake kamawa.

Wajen ciniki ya ce miliyan goma sha biyu, har gaban ma'ajinmu ya faɗi. Tsohon lissafi ne, na kafin canjin kuɗi na 2007, wato sidi 1,200. Muka taya, ya rage kaɗan.

Bayan la'asar muka fito. A hanyar Asawase hadari ya sauko, direbanmu ya tsaya gefen titi, muka leƙa ƙarƙashin ƙofa: ruwa na ɗiga ta ramukan nan ɗis ɗis. Rasit yana hannun ma'aji, za a karanta shi a taron wata mai zuwa in Allah ya kai mu.