Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi

Da yawanku kun san ni a layin 'yan atamfa na Monday Market, wasu kuma a masallacin layinmu, inda nake jan salla idan babban liman ya yi tafiya. Lokacin sayen fom ɗin JAMB ya zagayo, iyaye suna ta tsayar da ni bayan Magariba suna cewa, "Malam, wane karatu za mu cika wa yaron nan?" Nakan yi shiru, don ni ma na taɓa amsa wannan tambaya a gidana, kuma na amsa ta ba daidai ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da ya same ni, ko wani zai tsira.

Ɗana na fari ne, kun san ba zan kama sunansa ba. Yana ɗan shekara bakwai ya kwance rediyona ɗaiɗai, wai yana neman mutumin da ke magana a ciki. Na zane shi. Yana ɗan shekara goma sha biyu lasifikar masallaci ta daina aiki, ya hau benci ya haɗa wata waya da ta tsinke, aka kira La'asar da ita. Amma ranar Babbar Salla, in an kayar da rago, sai ya riƙe ƙafa ya kau da kai, jikinsa na rawa. Duk na ga waɗannan da idona. Na farkon na kira shi ɓarna, na ƙarshen na kira shi raki.

Ni kuwa likita nake so. Gaskiyar magana, akwai wani maƙwabcina a kasuwa da ɗansa ya gama karatun likitanci, aka koma kiransa Baban Likita, kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya gaishe shi. Abin ya shiga raina. Ga shi ni allo da Islamiyya na yi, ina shekara goma sha huɗu mahaifina ya zaunar da ni a shago. Sai na ɗauka abin da ban samu ba, dole ɗana ya samo mini.

Ga wanda bai sani ba, darussa huɗu ake rubutawa a JAMB, maki 400 ne gaba ɗaya. Mai neman likitanci yana ɗaukar Turanci da bayoloji da kemistiri da fizis. Mai neman injiniya kuwa lissafi yake sawa a gurbin bayoloji. Darasi ɗaya tak ne bambancin. Ranar cika fom a 2016 ya durƙusa ya ce, "Baba, da an bar ni na sa lissafi." Na ce, "Ni na haife ka ko kai ka haife ni?" Bai ƙara magana ba.

Ya rubuta a 2016, makin bai kai ba. Ya sake a 2017, haka nan. A 2018 aka ba shi gurbi a fannin ilimin halittu, na ce ya karɓa, daga baya a san yadda za a yi ya koma likitanci. Ya shiga, darussan da ya faɗi suna bin sa daga wannan aji zuwa wancan. Ya rame, ya daina hira da ƙannensa. Mahaifiyarsa ta ce mini, "Malam, yaron nan fa ba ya barci." Na ce sai addu'a, na yi masa rubutu ya sha. Ban taɓa zaunar da shi na ce me ke damunka ba.

A 2020 makarantu suka rufe, ga korona ga yajin aikin malaman jami'a. Sannan a watan Janairun 2021 aka lalata turakun wutar da ke zuwa mana ta hanyar Damaturu, garin nan ya shiga duhu wata da watanni. Ba sai na tuna muku ba, kun sayi ƙanƙara da tsada, kun kai waya caji layi-layi. Masu haɗa sola suka rasa inda za su sa kansu don aiki. Ashe yaron nan ya bi wani daga cikinsu yana ɗaukar masa kaya, ban sani ba.

Wata rana bayan Asuba wani dattijo daga Gwange ya riƙe hannuna ya ce, "Liman, Allah Ya yi wa yaronka albarka. Mutum biyu sun duba solarmu sun kasa, shi ya gano matsalar kafin shayi ya huce." Na ce amin, amma kunya kamar in nutse. Mutumin Gwange ya san ɗana, ni da nake kwana gida ɗaya da shi ban san shi ba.

Da dare na kira shi zaure. Ya ce, "Baba, ban taɓa son likitanci ba. Ko warin asibiti ba na iya jurewa." Na ce, "To me ya hana ka faɗa mini?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na faɗa, Baba. Ranar cika fom."

Daren nan ban runtsa ba. Abin da nake karantar da yara a Islamiyya shi ya dawo mini. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ɗora sahabbansa a kan aiki ɗaya ba. Bilal aka ba kiran salla saboda muryarsa. Zaidu ɗan Sabit aka sa ya koyi rubutun Yahudawa saboda kaifin ƙwaƙwalwarsa. Halidu ɗan Walid aka ba jagorancin runduna. Abdurrahman ɗan Aufu da ya isa Madina, hanyar kasuwa ya nemi a nuna masa. Abu Zarri kuwa, duk da tsoron Allahnsa, an ba shi shawara kada ya karɓi shugabanci, don bai dace da ɗabi'arsa ba. Shekara nawa ina faɗar wannan a kan buzu, ban kawo shi cikin gidana ba.

Kuma ko a kasuwa mun san haka. In aka kawo mini yaron shago, sati biyu ya ishe ni in gane ko mai iya tarbar mai saye ne, ko wanda za a ba littafin bashi, ko wanda ya fi dacewa da zuwa sari Kano. Yaron wani ina karantar halinsa, nawa na rufe ido.

Ya bar jami'a, ya nemi Ramat Polytechnic, ya shiga difloma ta shekara biyu a fannin lantarki, yana karatu yana aiki. Ranar 26 ga Fabrairun 2023 gobara ta cinye Monday Market, shagona na ciki, ko falle ɗaya ban fitar ba. Ga azumi ya ƙarato. Da kuɗin haɗa sola aka sayi gero da sukari a gidana a shekarar. Amma kada ku ɗauka komai ya gyaru. Shekara biyar ɗin da na ɓata masa ba za su dawo ba. Sa'o'insa sun yi hidimar ƙasa, wasu sun yi aure. Har yau in na shigo, sai ya gyara zama ya rage murya.

Bana ƙanwarsa ce za ta cika fom. Ta kawo mini waya ta ce, "Baba, ga wani gwaji da ake yi na sanin hali." Ta karanta mini ta fassara. Ashe wani masanin halayyar ɗan Adam ne a Amurka, John Holland, tun 1959 ya kasa mutane gida shida wajen aiki: mai son aikin hannu da na'ura, mai son bincike, mai fasahar ƙirƙira, mai son taimakon mutane, mai son ciniki da jagoranci, da mai son tsari da ajiye lissafi. Ya ce mutum ya fi daɗewa da jin daɗin aikin da ya dace da gidansa. Na yi dariya na ce, wannan ai duk ubangidan kirki a kasuwa ya san shi.

Ita gidan masu taimakon mutane ta faɗa, kuma aikin jinya da ungozoma take so. Ban yi saurin yarda ba, don waya ba ta san 'yata ba. Tambayoyin da Turanci suke, an tsara su don mutanen wata ƙasa, kuma yaro yakan amsa da abin da yake burin zama. Ƙawarta ta yi gwajin sau biyu, ya ba ta amsa biyu. Sai na koma ga abin da na gani. Lokacin ambaliyar Alau a Satumban 2024, da muka kwana a wata makaranta, ita ce ta yi ta wanke wa kakarta ciwon ƙafa, ba wanda ya sa ta. Na tambayi mahaifiyarta, na tambayi malamarta. Da hutu na tura ta wajen gwaggonta mai aikin ungozoma, ta yi sati biyu tana ganin jini da kwanan zaune. Ta dawo tana ba da labari har abincinta ya huce. A nan na ce to, bismilla.

Ga masu tambayata bayan Magariba, iyakar abin da na sani ke nan. Ku duba abin da yaro yake yi in ba a sa shi ba. Ku tambayi uwarsa, ta fi ku saninsa. Ku kai shi ya ga aikin da idonsa kafin a biya kuɗin fom. Ku fara tun zai shiga aji huɗu na sakandare, don a nan ake raba 'yan kimiyya da 'yan adabi da 'yan kasuwanci. Sannan ku auna aljihu, likitanci shekara shida ne in ba a yi yajin aiki ba. Kuma Jami'ar Maiduguri ba ita kaɗai ce ƙofa ba, akwai kwalejin horar da malamai ta Kashim Ibrahim, akwai ta shari'a da addini ta Mohammed Goni, akwai koyon sana'a a hannun mai sana'a.

Sai dai a kula, hali ba mafakar lalaci ba ne. Autana ya ji ana wannan magana ya ce shi halinsa ba na karatu ba ne. Na ce madalla, gobe bayan Asuba ka biyo ni shago. Kwana uku ya yi, ya koma ya ɗauki littafinsa.

Satin da ya wuce wutar masallaci ta samu matsala, babban ya zo dubawa. Na riƙe masa tsani. Daga sama ya ce, "Baba, miƙo mini filaya." Na tsaya ina kallon jakar, ban san wacce ba ce. Ya nuna mini da yatsa, na miƙa masa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya yafe mana abin da muka yi musu a cikin rashin sani. Wassalam.